Suna Linzami: Nazarin Dodannin "Pac-Man" da Fassarar Sunayensu

1. Gabatarwa

Cikin shekara ta 2012 wani babban gidan adana kayan fasaha na birnin New York, wanda a ke kira Museum of Modern Art, ya zaɓi wasannin na'ura guda 14 ya shigar da su cikin kayan da ya ke tsarewa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Pac-Man, wanda kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fitar cikin 1980. Tun da ya ke masana fasaha sun yarda su ajiye wannan wasa gida ɗaya da zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, to, gardamar ko ya cancanci a yi nazarinsa ta yi sauƙi. Gardamar da ta rage ita ce, da wane ma'auni za a auna shi? Wanda ya zo da ma'aunin labari zai koma hannu rabbana, don ba a faɗi inda jarumin ya fito ba, ba a faɗi abin da ya haɗa shi da magabtansa ba. Wanda ya zo da ma'aunin zane kuwa ba zai ga kome ba sai da'ira ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo bisa baƙin allo.

Abin da wannan takarda ta ke da'awa shi ne, kyan wasan yana cikin halayen dodanninsa huɗu, kuma masu shirya shi sun rubuta bayanin waɗannan halaye a fili cikin sunayen da suka raɗa musu da Japananci. Sa'ad da aka kai wasan Amurka aka juya sunayen zuwa Ingilishi, sai rabin bayanin ya salwanta. Wannan al'amari ya shafi duk malamin da ke koyar da fassara, domin a nan ana iya auna kuskuren mai fassara da ƙididdiga, abin da ba safai a kan samu a cikin adabi ba.

2. Asalin kamfani da wasannin da suka gabata

Masaya Nakamura shi ya kafa kamfanin cikin 1955. Jarinsa na farko dawakin wasa ne guda biyu da ya girka bisa rufin wani babban kanti a Yokohama, yara na hawa ana biya. Cikin 1974 ya sayi reshen kamfanin Atari na Japan, ta nan ya shiga harkar akwatunan wasa masu allo irin na talabijin, waɗanda a ke jefa musu tsabar kuɗi kafin su tashi. Cikin 1977 kamfanin ya ɗauki sunan Namco, a wannan shekara kuma wani saurayi mai suna Toru Iwatani ya kama aiki a can. Wasansa na farko, Gee Bee, ya fito cikin 1978, shi ne kuwa wasan allo na farko da Namco ya shirya da kansa.

Amma 1978 shekarar wani kamfani ce dabam. A cikinta Taito ya fitar da Space Invaders na Tomohiro Nishikado, ya cika gidajen wasa da wuraren shan shayi na Japan. A wannan wasa magabta 55 ne, sahu 5, kowane sahu 11. Suna tafe tare kamar sojan fareti, in sun kai bango su sauko taki ɗaya su juya. Babu wanda ke da ra'ayin kansa a cikinsu. Tsoron da su ke bayarwa tsoron fara ne, watau yawa da rashin fuska.

Amsar Namco ita ce Galaxian, cikin 1979. Ban da launi da ya kawo, sabon abu a cikinsa shi ne maƙiyi na iya ɓallewa daga sahu ya sheƙo ƙasa a karkace ya kai hari shi kaɗai. Har wa yau akwai shugaba da kan sauko da 'yan rakiya biyu jajaye, wanda ya fara kakkaɓo 'yan rakiyan kāna ya harbo shugaban ya kan sami maki 800. A nan ne aka fara rarrabe magabta, aka ba su muƙami. Abin da ba a ba su ba tukuna shi ne hali.

3. Siffar wasan

An fara gwada wasan a unguwar Shibuya ta Tokyo ran 22 ga watan Mayu, 1980, aka sake shi kasuwa cikin watan Yuli. Iwatani ya sha bayyana cewa gidajen wasa na lokacin sun zama matattarar samari da harbe-harbe, shi kuwa yana neman abin da zai jawo mata da masu zuwa bibbiyu, don haka ya gina wasansa bisa ci. Sandar tuƙi ɗaya ce, mai zuwa sama da ƙasa da dama da hagu, babu maɓallin harbi. Filin wasa gida ne mai lunguna, an watsa ƙananan ƙwayoyi 240 a cikinsa, kowace maki 10, da manya 4 kusa da kusurwoyi, kowace maki 50. Wanda ya cinye duka 244 ya wuce zuwa mataki na gaba. Dodanni huɗu, waɗanda mutane suka fi kira fatalwoyi, suna yawo cikin lungunan, wanda suka taɓa ya mutu. In Pac-Man ya haɗiye babbar ƙwaya sai reshe ya juye da mujiya na ɗan lokaci: dodannin su yi shuɗi su juya da baya, shi ya bi su ya lanƙwame, na farko maki 200, na biyu 400, na uku 800, na huɗu 1,600. Iwatani ya ce daga alayyafon Popeye ya ɗauko wannan dabara.

Kayan wasan ke nan kaf. Yaro ya kan gane su kafin tsabarsa ta farko ta ƙare. Sauran abin da ke cikinsa duka a tafiyar dodannin ya ke.

4. Ƙa'ida ɗaya, manufa huɗu

Masu bincike sun kwance umarnin da ke cikin na'urar sun karanta, don haka maganar da ke tafe ba kintace ba ce. An raba allon zuwa gurabe, 28 a kwance, 36 a tsaye. Kowane dodo, ko da yaushe, yana da gurbi ɗaya da ya ke nufi. In ya iso mararraba sai ya duba hanyoyin da ke gabansa, ya ɗauki wadda ta fi kusa da gurbin nan in an ja miƙaƙƙen layi. Ba ya juyawa baya da kansa. Wannan ƙa'ida duka huɗun suka yi tarayya a kanta, bambancinsu kawai shi ne yadda kowa ke zaɓen gurbin da ya ke nufi.

Ja yana nufin gurbin da Pac-Man ke ciki. Saboda haka kullum a bayansa za a gan shi, in ƙwayoyi sun kusa ƙarewa kuma ya kan ƙara sauri.

Mai ruwan hoda yana nufin gurbi na 4 a gaban bakin Pac-Man. Ba inda abin farauta ya ke ya ke so ba, inda za shi ya ke so. Don haka ya kan ɓullo ta gaba.

Shuɗi lissafinsa ya fi wuya. A kan ɗauki gurbi na 2 a gaban Pac-Man, a ja layi daga inda Ja ya ke zuwa wannan gurbi, sa'an nan a ninka tsawon layin. Inda ya tsaya nan Shuɗi ke nufi. In Ja na nesa sai manufar Shuɗi ta faɗa can wani wuri, ya yi ta gantali. In Ja ya matso sai Shuɗi ya zama mugun abokin aikinsa. Mai wasa da bai san wannan ba sai ya ga kamar dodon ba shi da alƙibla.

Mai ruwan lemo in yana nesa da Pac-Man fiye da gurabe 8 ya kan nufo shi kai tsaye kamar Ja. Da zarar ya shigo cikin gurabe 8 sai ya sauya, ya nufi kusurwarsa ta ƙasa wajen hagu. Watau ya taho kamar da gaske, ya iso ya kau da kai kamar bai ga kowa ba. Duk da haka yana kisa, don wanda ya tsaya tsakaninsa da kusurwar nan ya tsaya bisa hanyarsa.

Ɗalibin kimiyyar harshe zai gane irin wannan tsari nan da nan. "Kasa" da "ƙasa", ko "bari" da "ɓari", sauti ɗaya ne ya raba su, amma ma'anoninsu sun yi hannun riga. Haka dodannin nan: siffa ɗaya, ƙa'ida ɗaya, an sauya abu ɗaya tak cikin kowanne, sai ga halaye huɗu da mai kallo zai rantse akwai tunani a bayansu. Iwatani ya bayyana dalili, cewa da dukansu bin baya su ke yi, da sun zama jerin gwano, wasan ya gundura. Da wannan tsari kuwa ɗaya na kora, ɗaya na tara, mai wasa ya sami kansa tsakanin wuta biyu ba tare da an koya wa na'urar dabarar ƙawanya ba.

Akwai wani abu kuma da ya cancanci yabo, shi ne numfashin wasan. Dodannin ba su kai hari ba fashi. A mataki na farko su kan watse zuwa kusurwoyinsu na daƙiƙa 7, su kawo hari na daƙiƙa 20, su sake watsewa na 7, su dawo na 20, sa'an nan hutun ya ragu zuwa 5 har sau biyu, bayan wannan babu sauran hutu. Duk sa'ad da aka sauya daga wani yanayi zuwa wani su kan yi juyi gaba ɗaya, wannan juyi shi ne ishara ga mai lura. Idanunsu ma suna duban inda za su. Wasan bai ɓoye wa mai wasa kome ba, sai dai yana magana da harshen da sai an koya.

5. Sunayen Japananci

Sunan wasan kansa daga amsa-kama aka ciro shi. Japananci harshe ne mai arzikin irin waɗannan kalmomi, ya kan kuma ninka su kamar yadda Hausa ke cewa "tinƙis-tinƙis" ko "buguzum-buguzum". Paku-paku a wurinsu ita ce kalmar buɗe baki da rufewa, kamar na kifi ko na mai ci hannu baka hannu ƙwarya. Daga nan aka sami Pakkuman. Bajapane da ya ji sunan ya riga ya ga aikin jarumin kafin ya ga allo. Iwatani ya ambaci abu biyu game da siffar: gurasar pizza da aka yanke yanki ɗaya, da harafinsu na kalmar kuchi, watau baki, wanda ke da siffar murabba'i, shi kuwa ya mulmula shi.

Sa'ad da akwatin ke jiran mai jefa kuɗi, ya kan nuna dodannin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kalma biyu a gefensa: ta farko a ƙarƙashin hali, ta biyu a ƙarƙashin laƙabi. Ja halinsa oikake, daga aikatau mai ma'anar bin sawu ko kora, laƙabinsa Akabei. Mai ruwan hoda halinsa machibuse, watau kwanton ɓauna, laƙabinsa Pinky. Shuɗi halinsa kimagure, watau mai sauyin rai, wanda ba a san inda ya sa gaba ba, laƙabinsa Aosuke. Mai ruwan lemo halinsa otoboke, watau yin kamar ba a sani ba alhali an sani, laƙabinsa Guzuta.

In mai karatu ya ɗora waɗannan kalmomi huɗu bisa ƙa'idodi huɗu da aka bayyana a sashe na 4, zai ga kowace ta zauna daram. Bin sawu shi ne nufin gurbin Pac-Man. Kwanton ɓauna shi ne nufin gurbi na 4 a gaba. Sauyin rai shi ne yadda lissafin Shuɗi ke bayyana ga ido. Yin kamar ba a gani ba shi ne juyawar nan ta cikin gurabe 8, kuma kalmar ta fi sauran zurfi, don ba ta ce dodon wawa ne ba, ta ce wautar ta gangan ce, a yi hattara. Masu shirya wasan sun taƙaita lissafi mai wuya cikin kalma ɗaya ɗaya, suka kafa ta gaban kowa kyauta. Wannan shi ne littafin koyarwar wasan gaba ɗaya.

Laƙubban kuma wata hanya suka bi. Aka ja ne, ao shuɗi, ƙarshen Akabei da na Aosuke kuwa irin ɗafe-ɗafen tsofaffin sunayen maza ne na Japan. An ɗauki launin jiki an yi suna da shi, daidai yadda Bahaushe ya sami Jatau. Pinky aro ne daga Ingilishi, shi ma launi ya ke nufi. Guzuta ne kaɗai ya fita daga sahu, don daga guzu-guzu ya fito, amsa-kamar nawa da jan jiki. Uku sun sami suna daga kamanninsu, na huɗu daga ɗabi'arsa, ya zama bare a cikin 'yan'uwansa tun daga suna.

6. Fassarar Amurka

Kamfanin Midway ne ya sami izinin sayar da wasan a Amurka, ya fara cikin ƙarshen 1980, ya kuma sayar da akwatuna fiye da 100,000. Gyaran farko ya faɗa kan sunan wasan. A Japan an rubuta shi da boko Puck Man. Aka ji tsoron kada 'yan iska su kankare wani ɓangare na harafin farko, sunan ya koma ashar a Ingilishi, sai aka mai da shi Pac-Man. Dalilin na kasuwa ne, amma sakamakon ya yi kyau, don wasalin da ke cikin sabon rubutun ya fi nuna asalin paku ga mai karanta boko. Ma'anar amsa-kamar dai ta tafi, tun da Ba'amurke bai san ta ba, amma ƙarar da akwatin ke yi a kan kowace ƙwaya ta ɗauke mata aikinta.

Laƙubban ma an yi musu adalci. Aka ce Blinky, Pinky, Inky, sa'an nan Clyde. Ukun farko suna da amsa-amo ɗaya, kunne ya saki jiki yana jiran na huɗu, sai aka jefo masa sunan mutum na yau da kullum wanda bai yi kama da su ba ko kaɗan. Abin dariya ne, kuma fassara ce ta gaske. Mai fassara bai juya kalmar Guzuta ba, amma ya gane aikinta, watau ware na huɗu daga sauran, ya kuma cim ma wannan da kayan harshensa. Japananci ya ware shi ta ma'ana, Ingilishi ya ware shi ta sauti.

A wajen halaye ne aka yi ɓarna. An ba Ja Shadow, watau inuwa. Wannan ya yi, don inuwa ba ta rabuwa da mai ita, har ma ya fi na asali armashi. An ba mai ruwan lemo Pokey, watau mai nawa. Wannan ma'anar laƙabinsa ce aka ɗauko aka sa a gurbin halinsa, maganar gangan kuwa ta ɓace, aka bar mai wasa yana zaton dodon rago ne kawai. Ana iya cewa an ci rabi. An ba Shuɗi Bashful, watau mai kunya. Mai kunya an san abin da zai yi, zai noƙe. Shuɗi kuwa haɗarinsa shi ne wani lokaci ya noƙe, wani lokaci ya afko, wanda ya amince da sunan ya matsa kusa da shi sa'ad da Ja ke bayansa ya kai kansa mahalaka. Mafi muni shi ne Speedy, watau mai sauri, da aka ba mai ruwan hoda. Wannan dodo bai fi 'yan'uwansa sauri ba ko da taki ɗaya, wanda ke ƙara sauri Ja ne. Ana iya gane inda kuskuren ya fito: wanda ya kalli wasan ya ga dodo kullum yana riga shi isa, sai ya ɗauka gudu ne. Watau an fassara abin da ido ya gani, an bar abin da kalma ta faɗa.

Illar ba ta tsaya ga suna ba, ta shiga hannun mai wasa. Wanda aka gaya wa cewa maƙiyinsa sauri gare shi, gudu zai yi, gudu kuwa shi ke kai shi bakin mai kwanton ɓauna. Wanda aka gaya wa kwanton ɓauna ne zai gane cewa dodon yana karanta inda ya fuskanta, don haka ana iya yaudararsa da juyin ƙarya, har ma a fuskance shi gaba da gaba, manufarsa ta koma bayansa, ya kauce a mararraba. Ɗaya daidai, ɗaya rabi, biyu kuskure: sakamakon ke nan. Da za a ba ɗalibai aikin juya halayen nan zuwa Hausa, wanda ya ce Bi-sawu, da Kwanton-ɓauna, da Hawainiya, da Wawan-gangan ya fi Midway kusa da asali, ko da ya ke Hawainiya ma sai an yi mata tambaya, don tana ɗauke da ma'anar nawa wadda kimagure ba ta da ita.

7. Aibobin wasan

Ba daidai ba ne a ɗora laifi duka kan mai fassara a wanke mai asali. Babban aibin Pac-Man daga tushen kyansa ya tsiro. Tun da kowane dodo ƙa'ida tsayayya ya ke bi, in mai wasa ya maimaita tafiyarsa daidai, su ma za su maimaita tasu daidai. Ko gantalin da su ke yi in sun yi shuɗi, daga lamba ɗaya a ke fara lissafa shi kowane mataki. Ba a jima ba mutane suka gano hanyoyin da in an bi su ba a mutuwa, aka buga su cikin littattafai aka sayar. Daga nan wasan ya rabu biyu. Mai karatun dodanni yana wasa da fahimta, mai hadda kuwa yana bin hanyarsa ko bai dubi dodo ba, kamar ɗalibin da ya haddace amsa bai san tambaya ba. Abin takaici, mai hadda ne ke cin maki mafi yawa. Gidan lungunan guda ɗaya ne ba ya sauyawa, daga mataki na 19 kuma babbar ƙwaya ba ta ƙara sa dodanni yin shuɗi, don haka juyin nan da ya ba wasan daɗi sai ya ƙare, a bar mutum da jimiri kaɗai.

Masu akwatuna ma abin ya taɓa su, don akwati da mutum ɗaya ya riƙe sa'a guda da tsaba ɗaya asara ce. Gyaran bai zo daga Namco ba. Wani ƙaramin kamfani na Amurka, General Computer Corporation, wanda ɗaliban MIT suka kafa, shi ya yi wa wasan kwaskwarima, Midway ya fitar da ita cikin 1982 da sunan Ms. Pac-Man. An sa gidaje 4 maimakon ɗaya, an kuma sa wasu dodanni tafiyar da ba ta da tabbas a farkon mataki, hadda ta daina aiki yadda ta saba. Amurkawa sun ɓata sunayen, amma su suka toshe ɓarakar ƙa'idar.

Akwai kuma kurakuran lissafi biyu sanannu. In Pac-Man ya fuskanci sama, manufar mai ruwan hoda ta kan goce gurabe 4 zuwa hagu ban da 4 na gaba. Sa'an nan ma'ajin lambar mataki ba ya ɗaukar fiye da 255, don haka a mataki na 256 rabin allon na dama ya kan hargitse da haruffa da alamomi, ba a iya cinye ƙwayoyin da za su isa a wuce. Wannan ya sa iyakar makin da za a iya samu 3,333,360 ne. Wasan ba shi da ƙarshen da aka shirya masa, tuntuɓe ne ya zama ƙarshensa.

Ɗan labarin da ke cikinsa yana cikin gajerun wasannin kwaikwayo 3 da a ke nunawa tsakanin matakai. A na farko Ja ya koro Pac-Man, sai ga shi ya dawo a guje, ƙaton Pac-Man na biye. A na biyu rigarsa ta maƙale a ƙusa ta yage. A na uku ya fito da faci, kāna ya dawo tsirara yana jan rigar. Suna da ban dariya, suna kuma rage wa dodon kwarjini, amma dukansu a kan Ja su ke. Ukun da halayensu suka fi bukatar bayani ba a ba su fage ba.

8. Abin da ya biyo baya

Namco bai bar wannan hanya ta raɗa suna ba nan da nan. A Galaga na 1981 ƙananan magabta sunansu zako, watau tarkacen ƙananan kifi, na tsakiya goei, watau 'yan rakiya, shugabansu kuma yana iya kama jirgin mai wasa ya tafi da shi, in an ƙwato a yi yaƙi da jirage biyu a haɗe. A Mappy na 1983 shugaban kuliyoyi sunansa Nyamco, an haɗa kukan kyanwa na Japananci da sunan kamfani, a Amurka kuwa aka mai da shi Goro, barkwancin ya mutu. Xevious na Masanobu Endo, wanda ya bazu cikin 1983, shi ya juya akalar: an ƙago masa harshe na kansa, aka sami sunaye irin su Solvalou da Andor Genesis, waɗanda ba su gaya wa Bajapane kome ba, balle wani. Irin wannan suna ba ya ɓata a fassara, don ba a fassara shi, amma kuma ba ya koyar da kowa yadda zai tsira.

9. Hukunci

Pac-Man ya cancanci matsayinsa, amma a kan wani dalili ƙayyadadde: ya nuna cewa da ƙa'ida ɗaya da sauyi huɗu ana iya sa na'ura ta yi kamar tana da halaye, ya kuma raɗa wa kowane hali sunan da ya dace da shi. A wajen tsayuwa gaban mai hadda ya gāza, Ms. Pac-Man ta fi shi. A wajen fassara, Midway ya yi gwaninta inda aikin ya nemi kunne, ya yi sakaci inda ya nemi bincike. Kamfanin Namco ya haɗu da Bandai cikin 2005, Nakamura ya rasu cikin 2017, amma sunan Speedy na nan bisa allon kowane tsohon akwatin Midway da ya rage, yana gaya wa mai wasa ya gudu daga dodon da ke jiransa a gaba. Malamin da ke neman misalin da zai nuna wa ɗalibai bambancin fassara abin da aka ce da fassara abin da aka zata, da wuya ya sami wanda ya fi wannan sauƙin gwadawa a aji.